Zauren Gwarzayen Firimiya: Waɗanda Wasa Ya Shigar da Waɗanda Suna Ya Shigar

Darren Bent ya ci ƙwallo 106 a gasar Firimiyar Ingila. Didier Drogba ya ci 104. Tun 2022 Drogba yake cikin zauren gwarzayen gasar, wanda Turawa ke kira Hall of Fame, shi kuwa Bent ko a gidan kallon da ya fi kowanne gardama ba ka jin mai kawo sunansa. Hakan daidai ne, domin duk wanda ya kalli su biyun ya san ba sa'o'in juna ba ne. Sai dai wannan ɗan lissafi ya tono tambayar da masu zauren ba su taɓa amsawa a fili ba: idan ba yawan ƙwallo ba ne, to me ake aunawa? Dokar da suka rubuta ta ce abin da ɗan wasa ya yi a Firimiya kaɗai za a duba, daga 1992 da aka fara gasar zuwa yau. Ba kofin FA, ba kofin Zakarun Turai, ba wasan ƙasa, ba abin da ya faru kafin 1992. Amma wanda ya bi sunayen da suka shiga ɗaya bayan ɗaya zai ga mudu ɗaya aka ajiye a bakin ƙofa, wani mudun daban ake awo da shi a ciki.

An buɗe zauren a 2021 da Alan Shearer da Thierry Henry, kuma a kansu babu mai ja. Shearer ya ci 260 a wasa 441, Henry ya ci 175 a wasa 258 tare da takalmin zinare huɗu, wato kyautar wanda ya fi kowa cin ƙwallo a kaka. A shekarar aka ƙara Cantona, Roy Keane, Lampard, Bergkamp, Gerrard da Beckham. A 2022 Rooney, Vieira, Agüero, Drogba, Kompany, Peter Schmeichel, Scholes da Ian Wright suka biyo. Daga nan aka rage hannu: 2023 'yan wasa uku kawai, Rio Ferdinand, Petr Čech da Tony Adams, tare da masu horarwa biyu, Alex Ferguson da Arsène Wenger. A 2024 Ashley Cole, Andy Cole da John Terry, a 2025 kuma Gary Neville da Eden Hazard. 'Yan wasa 24 ke nan. Abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba: lambar girma mai ɗauke da sunan mutum, da fam 10,000 da ake bayarwa ga wata ƙungiyar agaji da ya zaɓa. Sunan ne ake faɗa a kai.

Ƙofar farko da abin da take tacewa

Kafin a sa mutum cikin 'yan takara sai ya jingine takalmansa, sannan ya kasance ya buga wasa 250 a Firimiya. Wanda bai kai 250 ba yana da wasu hanyoyi, ɗaya ta ishe shi: wasa 200 a ƙungiya guda, ko lashe gasar sau uku, ko cin ƙwallo 100, ko takalmin zinare, ko kyautar gwarzon kaka, ko shiga cikin fitattun sha ɗaya da aka zaɓa lokacin da gasar ta cika shekara 10 da shekara 20. Mai tsaron raga kuma wasa 100 ba a zura masa ba, ko safar hannu ta zinare, kyautar wanda ya fi yawan irin waɗannan wasanni a kaka.

Waɗannan sharuɗɗa daɗewa suke aunawa, ba ƙwarewa ba, kuma 'yan Najeriya da suka yi wasa a can sun isa misali. John Mikel Obi ya buga wasa 249, saura ɗaya tak ya cike 250, amma da yake duk a Chelsea ya buga su, ƙofar wasa 200 a ƙungiya guda ta buɗe masa. Ƙwallo ɗaya ya ci a Firimiya. Nwankwo Kanu ya buga 273, ya ci 54, ya ɗauki gasar sau biyu da Arsenal, ya cika sharaɗi. Yakubu Aiyegbeni ya buga 252, ya ci 95 a ƙungiyoyin da ba su shaƙi ƙamshin kofin ba a lokacinsa, ciki har da 17 da ya ci wa Blackburn a kakar 2011/12 da ta faɗi daga gasar. Shi ma ya cika. Jay-Jay Okocha, wanda ya fi su duka sa mutane miƙewa tsaye daga kujera, wasa 124 ya yi wa Bolton, don haka ko takara ba zai shiga ba. Haka Claude Makélélé, wanda ya sauya yadda ake kallon ɗan wasan tsakiya mai tare hari a Ingila: wasa 144 da kofi biyu, ba ta inda zai bi. Xabi Alonso ma haka. A ɗaya ɓangaren, John O'Shea da Wes Brown kowannensu yana da lambar lashe gasa biyar, Phil Neville da Nicky Butt shida-shida, duk sun wuce ƙofar cikin sauƙi.

Ba laifi ba ne a yi matata mai faɗin ido a matakin farko, tunda akwai mataki na biyu. A na biyun ne abin yake karkacewa.

Hukumar gasar ce take fitar da jerin 'yan takara, 23 a shekarar farko, daga baya aka mayar da shi 15. Wasu takan shigar da su kai tsaye ba tare da ƙuri'a ba, kamar yadda ta yi wa Shearer da Henry, da Rooney da Vieira. Sauran sai a buɗe wa magoya baya su jefa ƙuri'a ta intanet, sannan wani kwamiti ya sa hannu. Ba a wallafa ma'aunin da kwamitin ya bi, ba a bayyana dalilin da ya sa wane ya riga wane. Sakamakon kuwa a bayyane yake. Cikin 'yan wasa 24, tara an san su ne da Manchester United, shida da Chelsea idan aka lissafa Ashley Cole a can, biyar da Arsenal, biyu da Manchester City, ɗaya da Liverpool. Shearer kaɗai ne ya yi sunansa a wajen waɗannan biyar, a Blackburn da Newcastle. Gaskiya ne manyan 'yan wasa a manyan ƙungiyoyi suke taruwa. Amma ƙuri'ar intanet yawan mabiya take ƙirgawa, kuma mai goyon bayan United a Kano ko Jakarta ba zai tsaya auna Matt Le Tissier ba, mutumin da ya ci wa Southampton ƙwallo 100 daga tsakiya yana ceto ta daga faɗuwa kaka bayan kaka.

Akwai kuma rashin jira. Agüero ya sanar da barin wasa a Disambar 2021 saboda ciwon zuciya, a Afrilun 2022 ya shiga zauren. Shi kam ko shekara goma aka jira zai shiga, da ƙwallo 184 a wasa 275 da kofi biyar. Amma tsarin da yake karɓar mutum wata huɗu bayan ya ajiye wasa yana fifita wanda ake tunawa da shi yanzu a kan wanda ya daɗe a layi.

Drogba

Shi ne ɗan Afirka ɗaya tilo a zauren, kuma shi ne shari'ar da ta fi wuya, shi ya sa ya kamata a warware ta kaka-kaka. Ga ƙwallayensa na Firimiya a jere daga 2004/05: 10, 12, 20, 8, 5, 29, 11, 5, sai 4 da ya ci bayan ya dawo a 2014/15. A kaka tara, biyu ne kawai ya kai 20, kuma a duk biyun ya ɗauki takalmin zinare. A huɗu bai kai ko 10 ba. Idan aka raba da yawan wasanninsa 254, yana cin ƙwallo 0.41 a kowane wasa. Henry 0.68 ne, Agüero 0.67, Shearer 0.59. Robin van Persie, wanda har yanzu yake waje, ya ci 144 a wasa 280, shi ma da takalmin zinare biyu.

Abin da mutane suke gani a zuciyarsu idan an ce Drogba ba ya cikin wannan jeri. Suna ganin daren Munich na 19 ga Mayun 2012, minti na 88, Juan Mata ya bugo kwana, Drogba ya tsere wa mai tsaronsa zuwa turken kusa ya saka kai, sannan ya buga fenaritin ƙarshe da ya ba Chelsea kofin Zakarun Turai. Suna ganin ƙwallayensa a wasan ƙarshe na kofin FA har sau huɗu, a 2007, 2009, 2010 da 2012. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk wannan dokar zauren ta ce kada a duba. Wanda ya ce bai yi tasiri a ƙuri'a ba yana yaudarar kansa.

To idan an cire su, ya cancanta? Amsar ita ce e, amma ba da ƙwallaye ba. Lokacin da ya zo, yawancin ƙungiyoyin Ingila da 'yan gaba biyu suke wasa. Mai horar da Chelsea na lokacin, Mourinho, ya bar shi shi kaɗai a gaba, aikinsa ya karɓi dogon bugu da ƙirji yana juya wa raga baya, ya riƙe masu tsaron baya biyu, ya jira 'yan tsakiya su iso. Wanda ya fi cin moriyar wannan shi ne Lampard, wanda ya ci 177 daga tsakiya, 22 a kakar 2009/10 kaɗai. A waccan kakar Chelsea ta ci ƙwallo 103, kuma a ranar ƙarshe da ta lallasa Wigan 8-0 Drogba ya ci uku ya wuce Rooney a tseren takalmin zinare. A lissafa masa kuma watannin Janairu da gasar cin kofin Afirka ta ɗauke shi a 2006, 2008, 2010 da 2012, da zazzaɓin maleriya da ya kwantar da ƙarfinsa a kakar 2010/11. Kofi huɗu ya ɗauka. Wurinsa yana nan, amma a rukuni na uku ko na huɗu, ba a gaban mutumin da ya fi shi da ƙwallo 83 ba.

Wannan mutumin shi ne Andy Cole. Ya ci 187 a wasa 414, ya ɗauki gasar sau biyar, ya ci 34 a kaka ɗaya da Newcastle a 1993/94, ya zura biyar a wasa guda ranar da United ta ci Ipswich 9-0 a 1995. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne fenariti ɗaya kawai ke cikin 187 ɗin. Cikin 260 na Shearer, 56 fenariti ne, cikin 177 na Lampard, 43. Idan aka cire bugun fenariti, tazarar Shearer da Cole ta dawo 204 da 186. Duk da haka sai da Cole ya jira har 2024. Dalilin ba ya rasa nasaba da cewa ya zaga ƙungiyoyi bakwai a Firimiya, kuma ko a United ana tuna Cantona da Beckham kafin a tuna shi. A yi masa adalci ta ɗaya gefen kuma: kakar da ya ci 34 ɗin wasa 42 ake bugawa, domin sai a 1995/96 aka rage ƙungiyoyi daga 22 zuwa 20.

Ian Wright ne wanda masu suka suka fi nunawa da yatsa, suna cewa fuskarsa a talabijin ce ta shigar da shi. A nan lissafi bai goyi bayansu ba. Wright yana da shekara 28 aka fara Firimiya, kuma takalmin zinaren da ya ɗauka da ƙwallo 29 na kakar 1991/92 ne, kaka ɗaya kafin a fara ƙirga. Duk da haka ya ci 113 a wasa 213, wato 0.53 a kowane wasa, ya fi Cole, ya fi Drogba, ya fi Robbie Fowler mai 163 a wasa 379, ya fi Michael Owen mai 150 a wasa 326. Kuma yawancin shekarun nan ya yi su ne a Arsenal mai wasan tsaro, wadda ba ta ƙirƙirar damammaki da yawa. Ana iya cewa an gaggauta shigar da shi. Ba a iya cewa bai isa ba.

Masu tsaron baya, inda alƙaluma suke yin shiru

Ɗan wasan gaba yana da ƙwallayensa da za su yi masa shaida. Mai tsaron baya ba shi da irin wannan. Wasan da ba a zura wa ƙungiya ba aikin mutum biyar ne ko shida, kuma cikakken ƙidayar tare hari da ƙwace ƙwallo bai samu ba sai a tsakiyar shekarun 2000. Ko da ya samu yaudara gare shi, domin mai tsaron bayan da ya iya tsayuwa inda ya dace ba ya bukatar zamiya a ƙasa, sai a ga alƙalumansa sun gaza na wanda kullum yake gyara kuskurensa. Shi ya sa a wannan gurbi suna da kambun kyaftin suke yanke hukunci.

Tony Adams gwarzo ne na Arsenal, babu tantama, amma rabin girmansa kafin 1992 ya gina shi. Kofunan 1989 da 1991 na tsohuwar gasa ne. A Firimiya wasa 255 ya buga ya ɗauki kofi biyu, kuma a na biyun, kakar 2001/02, rauni ya hana shi buga fiye da wasa goma. Wanda ya riƙe bayan Arsenal a waccan kakar shi ne Sol Campbell, wanda kuma ya kasance ginshiƙin ƙungiyar da ta gama kakar 2003/04 ba a doke ta ba. Campbell ya buga wasa 503, kusan ninkin na Adams, da kofi biyu daidai da shi. Yana waje. Magoya bayan Tottenham ba za su taɓa zaɓarsa ba tunda ya bar su ya koma Arsenal kyauta a 2001, su kuma na Arsenal suna da nasu 'yan gida da suka fi so. Owen ma irin wannan ramin ya faɗa, tun ranar da ya sa rigar United a 2009 ya rasa ƙuri'ar Liverpool, duk da kyautar Ballon d'Or da ya kawo musu a 2001.

Vincent Kompany shari'arsa daban ce. Wasa 265 a kaka goma sha ɗaya, kuma a kaka huɗu na ƙarshe ya buga 14, 11, 17 da 17, wato 59 cikin wasa 152 da City ta buga. Biyu daga cikin kofunansa huɗu a wannan tsakanin suka zo, lokacin da wasu ne suke yin yawancin aikin. Abin da ya riƙe shi shi ne kakar 2011/12 da aka zaɓe shi gwarzon gasa, da ƙwallaye biyu: kan da ya sa wa United a ƙarshen Afrilun 2012, da ta ranar 6 ga Mayun 2019. A wannan daren Leicester ta toshe ko'ina, minti 70 babu ci, Kompany ya tako da ƙwallo daga tsakiya babu wanda ya fito tare shi domin kowa ya san ba ya bugawa daga nesa, sai ya sake ta ta shige saman kusurwar ragar Kasper Schmeichel. City ta gama da maki 98, Liverpool 97. Ƙwallo ce da ta ba da kofi. Amma a ajiye shi kusa da Nemanja Vidić: kofi biyar a wasa 211, gwarzon kaka har sau biyu, a 2008/09 da 2010/11, kuma yana cikin bayan da ya yi wasa 14 a jere ba a zura masa ba. Da wuya a kawo hujjar wasa da za ta sa Kompany gaban Vidić da shekaru. Hujjar da ta rage ita ce City tana bukatar wakilai a zauren, kuma shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga kofinta na farko bayan shekara 44.

Gary Neville ya buga wasa 400, ya ɗauki kofi takwas, kuma an zaɓe shi cikin fitattun sha ɗaya na shekara 10 da na shekara 20, don haka ba daga sama ya faɗo ba. Tambayar da ta rage ita ce Denis Irwin, wanda ya ɗauki bakwai, yana buga dama da hagu, yana cin bugun tazara da fenariti. Bambancin su biyun a fili kaɗan ne, in ma akwai. Bambancinsu a wajen fili shi ne tun 2011 Neville yake sharhi a talabijin kowane mako, shi kuwa Irwin sai wanda ya kalli ƙwallo a shekarun 1990 ne ya san shi.

Masu tsaron raga biyun ba su da matsala. Čech ya yi wasa 202 ba a zura masa ba, 24 daga ciki a kakar 2004/05 da Chelsea ta sha ƙwallo 15 kacal. Schmeichel bai da safar zinare ko ɗaya, amma don ba a fara bayar da ita ba ne sai bayan ya bar wasa.

Kofi ma'auni ne?

Cikin mutum 24 ɗin, Gerrard kaɗai ne bai taɓa ɗaga kofin Firimiya ba, kuma magoya bayan United da Chelsea ba sa gajiya da tuna masa zamewar da ya yi a 2014. Amma idan kofi ne ma'auni, to O'Shea ya fi shi sau biyar, maganar da babu mai hankalin da zai yarda da ita. Gerrard ya ci 120 ya taimaka aka ci 92 a wasa 504, a ƙungiyar da yawancin shekarunsa ba ta kai abokan hamayyarta kuɗi ko zurfin benci ba. Ya cancanta. Abin dubawa shi ne ko wannan sassauci zai kai ga wanda ba ya Liverpool. Harry Kane ya ci 213 ba kofi, zai shiga. Fowler da Defoe mai 162 da Les Ferdinand mai 149 su ne gwajin gaske, kuma har yanzu suna bakin ƙofa.

Beckham kuma akasin haka ne: shaharar da ya yi a wajen fili ta sa wasu suna raina wasansa. Wasa 265, ƙwallo 62, ya taimaka aka ci 80, ya ci 18 da bugun tazara, kofi shida, duk kafin ya bar Ingila yana ɗan shekara 28. Wannan ya isa. Abin da bai isa ba shi ne a ce ya riga Scholes mai kofi 11, ko Vieira, ko Schmeichel shiga. Sabon zaure yana bukatar sunan da duniya ta sani a shekararsa ta farko, kuma babu sunan da ya kai nasa sayuwa.

Cantona wasa 156 kawai ya buga, ƙwallo 70, amma a kaka biyar United ta ɗauki huɗu, kuma wadda ta rasa ita ce wadda aka dakatar da shi. Babu abin ƙari.

Sai dai maganar dakatarwar ta kai mu ga wurin da zauren ya fi kasa kare kansa. A ranar 25 ga Janairun 1995 Cantona ya tsallaka allon talla a filin Crystal Palace ya kai wa ɗan kallo hauri, ya sha dakatarwar wata takwas. Rio Ferdinand ma wata takwas aka ba shi saboda rashin halartar gwajin ƙwayoyi a 2003. Terry kotu ta wanke shi a Yulin 2012 daga zargin kalaman wariyar launin fata ga Anton Ferdinand, amma hukumar FA ta yi nata zaman ta dakatar da shi wasa huɗu da tarar fam 220,000. Duk ukun suna ciki. Ryan Giggs kuwa, mai kofi 13, wasa 632, ƙwallo 109, da taimakon cin ƙwallo 162 da babu wanda ya kai, yana waje. Lokacin da aka buɗe zauren yana fuskantar tuhumar cin zarafin tsohuwar budurwarsa, zargin da ya musanta. A Agustan 2022 masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa cimma matsaya, a Yulin 2023 masu gabatar da ƙara suka janye, kotu ta sallame shi. Ana iya kare ra'ayin cewa hali yana cikin ma'auni, ana kuma iya kare ra'ayin cewa fili kaɗai za a duba. Abin da ba a iya kare shi shi ne a bar abin ba a rubuce ba, a hukunta wani da shi a kau da kai ga wani.

Amurkawa, waɗanda daga wurinsu aka aro wannan al'ada, sun daɗe da toshe wasu daga cikin ramukan nan. Zauren gwarzayen ƙwallon Amurka da ke Canton a jihar Ohio, wanda aka buɗe a 1963, ba ya duba ɗan wasa sai ya yi kaka biyar da barin wasa. Kwamiti ne na mutum kusan hamsin, yawancinsu 'yan jaridar da suka bi wasan shekaru, suke zama su yi muhawara a kan kowane suna, kuma sai mutum ya samu kashi 80 cikin 100 na ƙuri'unsu. Dokarsu ta ce abin da ya faru a fili za a duba. Suna kuma da wata hanya ta daban ga tsofaffin da aka manta. Ba su tsira daga gardama ba, har yau ana kai ruwa rana a kan wasu da suka shigar, amma aƙalla mai suka ya san dokar da zai kama su da ita. Ita ma Ingila tana da wani zauren tun 2002 a ƙarƙashin gidan tarihin ƙwallon ƙafa na ƙasa, wanda yake duba rayuwar wasan mutum gaba ɗaya, kuma a can ne kofunan Adams na 1989 da 1991 suke da wurin zama.

Rashin hanyar tsofaffi ita ce za ta fi cizo nan gaba, kuma lissafi ne mai sauƙi. Adadin masu shiga ya sauko daga takwas a shekara zuwa uku, zuwa biyu. A layi akwai Giggs, Campbell, Vidić, Irwin, Fowler, Owen, van Persie, Sheringham, van der Sar, Fàbregas mai taimakon ƙwallo 111, David Silva mai kofi huɗu, da Yaya Touré wanda ya ci 20 daga tsakiya a kakar 2013/14 ya kuma ɗauki gasar sau uku. Mutum goma sha biyu ke nan, shekara shida idan ana ɗaukar biyu-biyu ba tare da wani sabo ya shigo ba. Sababbin kuwa suna tafe: Cristiano Ronaldo, De Bruyne, Salah, Kane, van Dijk, Kanté, kuma kowannensu ranar da ya jingine takalmi zai tsallake layin kamar yadda Agüero ya yi. Fowler ya ci 25 a 1994/95 da 28 a 1995/96, kuma kowace shekara masu jefa ƙuri'ar da suka ga waɗannan kakanni da idonsu raguwa suke yi.